Kawu, Mai Jemar Bakin Tafki

Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu. Ya rasu a farkon daminar nan, da hantsi, a kan tabarmarsa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Labarin ya iske ni a Safana ina cikin aji. Na ajiye alli na hau babur zuwa ƙauyenmu da ke gefen Wagini, amma ko da na isa an riga an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan ta rasu, shi ya aurar da ni. Don haka ba gaisuwa na je yi gidan makokin ba, ni ake yi wa.

Na zauna gefen Inna, matarsa, ina amsa gaisuwa ina cika ina batsewa. Ba mutuwar ce ta ɓata mini rai ba, wannan hukuncin Allah ne. Abin da ke fitowa daga bakin mutane ne. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta tambayi kwana da gajiya da haƙuri, sannan ta sauke murya ta ce, "Allah shi jiƙan Malam. Bawan Allah mai sanyin hali, ba ruwanshi da kowa."

Kawu ne ba ruwansa da kowa? A garin nan babu gidan da bai tsaya a ƙofarsa ya ɗaga murya ba. Matar da ta fara faɗin haka, da idona na ga ranar da ya bi ta har madafi yana faɗa. Ta bayan zana kuma ina jin mai shagon maganin feshi na kasuwar Batsari yana jan hanci, wai ya yi rashin uba. Uban da ya hana shi sakat duk ranar kasuwa. Mai unguwa da ya tashi yabo sai ya ce marigayi mutum ne mai son ciyawa. Aka yi 'yar dariya, aka shafa fatiha.

Mutum ɗaya ce ta yi masa kukan gaskiya, wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa. Ta shigo tana dogara sanda, ba ta ko zauna ba ta ce, "To yanzu wa za ya riƙa ƙwace mani kwalabe?" Sai ta fashe da kuka, Inna ma ta fashe. Ni ma sai a lokacin hawaye suka zo mini.

Har aka watse ban ji wanda ya ambaci tafki ba. Tafkin bayan gari nake nufi, wanda Kawu ya ƙarar da ƙarfin tsufansa yana cire masa guba. Tun ina kan tabarmar nan nake tambayar kaina wa zai tsare ruwan yanzu. Saboda shi na ɗauki biro, don in an tashi tuna Kawu a tuna shi da aikinsa da faɗansa, a daina laƙaba masa haƙurin da bai taɓa yi ba.

Wanda bai san wajenmu ba sai na yi masa bayani. Tafkin nan shi kaɗai ne ruwan kusa da gari da ke kai bazara bai ƙafe ba. Shanun ruga a nan suke sha, mata a nan suke wanki, masu lambu daga nan suke ban ruwa. Gonaki sun kewaye shi ta tudu, duk abin da ruwan sama ya kwaso daga cikinsu a nan yake sauke shi. Da daji ya lalace da 'yan bindiga, mutane suka bar gonakin nesa suka matso kusa da gari. Ba kuma mai son ya wuni a duƙe da fartanya ya ba daji baya. Sai feshi ya shigo: ka goya inji da safe, ka kashe ciyawa, ka dawo gida kafin rana ta yi zafi. Wake ya yi fure, ka sake goyawa saboda ƙwari. Ban ga laifin kowa a wannan ba, tsoro ne ya kawo shi. Abin da ba tsoro ne ya kawo ba shi ne lalaci. In an gama feshi sai a gangara tafki a ɗauraye injin, a tuttular da ragowar a ciki, a wurga kwalbar cikin ruwa a yi gaba.

Kwaɗi ne suka fara yin shiru. Daga nan tarwaɗa ta riƙa tasowa ciki a sama. Mata suna dawowa daga wanki hannuwa na ƙaiƙayi, ana cewa sanyi ne. Babu wanda ya ce uffan sai da maruƙan Baffa suka mutu.

Baffa shi ne dattijon rugar da ke gabas da gari, abokin Kawu tun suna samari. Ina gida hutu ranar da ya zo. Bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a zaure da sandarsa a kafaɗa. Ya ce, "Maruƙana sun sha ruwanku sun hwaɗi suna kumfa. Yarana sun ce da gangan aka zuba. Na hana su magana, na ce sai na ji daga bakinka."

A irin zamanin da muke ciki, kowa ya san inda wannan magana ke iya kaiwa. Kawu bai ba shi haƙuri ba, bai kuma rantse ba. Hannunsa ya kama ya ja shi har bakin tafki, ni ina biye da su. Ya naɗe wando ya shiga cikin laka, ya riƙa tsamo kwalaben magani yana jefowa gaban Baffa har suka yi tsibi. Ya ce, "Ga masu kashe maka maruƙa. Ba mugunta ba ce, wauta ce, kuma wautar tamu ce. Ka kai shanunka wani wuri, ka ba ni lokaci."

Baffa ya ce, "Wane wuri? Sauran ruwa sai bakin daji."

Kawu ya san gaskiya ne. A shekarar Baffa ya yi ta kai shanu bakin daji yana dawowa da ransa a hannu.

Washegari Kawu ya tafi Batsari ofishin gona, ya zauna a kan benci ya ce ba zai tashi ba sai an haɗa shi da wanda ya san yadda ake cire guba daga ruwa. Allah ya haɗa shi da wani malamin gona mai kirki, wanda ya biyo shi har tafkin a kan babur. Malamin ya gaya masa gaskiya: babu rariyar da za ta tace tafki guda. Abu biyu ake yi. A hana sabuwar guba shiga, sannan a bar masu rai su cinye wadda ta riga ta shiga. Ya ce a cikin ruɓaɓɓen taki da ƙasar gona akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ke ruɓar da kara da ganye, kuma in an ba su abinci da laima sukan farfasa yawancin magungunan nan har ƙarfinsu ya mutu. Ya ce sai da haƙuri, don ba kowane magani ke saurin narkewa ba.

Kawu ya ce, "Wato ma'aikata gare ni cikin kashin shanu ban sani ba?"

Tun daga ranar sunansu ke nan a bakinsa, ma'aikatana.

A gonarsa ya yi aikin, a ƙasan fadama inda ƙasa ta fi kyau. Can sama kaɗan, nesa da ruwa, ya haƙa rami mai faɗi, zurfinsa zuwa kwankwaso. Ya daɓe ƙasansa da yumɓu don kada ya yoya. Ya cika shi da ƙaiƙayin gero da yankakken kara da ruɓaɓɓen takin shanu da ƙasar saman gona, ya cakuɗa, ya dasa ciyawa a kai. Ya gitta itatuwa inda mutum zai tsaya, ya yi rumfa don kada ruwan sama ya cika shi. Ya ce duk wanda ya yi feshi, a nan zai wanke injinsa. Takin kuwa Baffa ne ke aiko da shi a kan jakai, ba ya fashi.

Sai kuma jema, doguwar ciyawar nan ta fadama. Malamin ya ce a dasa ta layi-layi tsakanin gonaki da ruwa, don saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, tana tare laka, gubar kuma a jikin laka take tafiya. In lakar ta tsaya a gindin jema, ma'aikatan Kawu su same ta a can. A wajenmu jema ta yi wuya, sai a wata fadama ta wajen Safana. Haka Kawu ya zo gidan aurena da jaki, ya kwana, ya wuni yana tono, ya dawo ya ɗaure jakin a ƙofar gidan surukaina da kayan ciyawa har ƙasa. Uwar mijina ta leƙo ta ce, "Kawun naki tsarabar ke nan ya kawo mana?" Na ji kamar in nutse. Shi ko a jikinsa, yana zaune yana yayyafa wa saiwoyin ruwa da buta.

An yi masa dariya ba kaɗan ba. Kowa na neman abin kashe ciyawa, shi yana dasa ta, kuma a kunyoyin da suka fi ba shi dawa. Aka ce tsufa ne. Aka ce yana kiwon abin da ba a gani. Ni kaina na taɓa tsokanarsa na ce, "Kawu, ma'aikatan nan naka yaushe za ka yi musu aure?" Ya ce, "Sun fi ki hankali, su ba su jiran a yi masu."

Kullum da safe kafin ya karya sai ya je ramin. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar a hannu, ya matse, ya shinshina. In ta bushe ya yayyafa ruwa, in ta lotsa ya ƙara ƙaiƙayi. Inna takan ce kunu zai huce, ya ce, "Ni na ci jiya da dare, su hwa?" Ranar kasuwa kuwa shagon mai maganin feshi yake zuwa ya zauna a bakin ƙofa, duk wanda ya sayi kwalba ya bi shi da magana: "In ka gama, rami. Na san gonarka, na san ubanka." Mai shagon ya sha kai ƙararsa wajen mai unguwa.

Faɗan da ya fi muni da ɗansa ya yi shi, babban, taubashina. Tun muna yara ni da shi ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ina ce masa bawana, yana ce mini baiwarsa. Shi sana'arsa feshi, ana kiransa gona-gona. Wata rana Kawu ya iske shi a bakin tafki yana ɗauraye inji. Ya ɗebo ruwan wurin a ƙwarya ya kawo gida ya ajiye. Da aka fito da tuwo a zaure, taubashina yana zaune da abokansa, Kawu ya janye kwanon ruwan sha ya tura masa ƙwaryar.

Ya ce, "Sha."

"Baba, mi ke nan?"

"Ruwan da ka wanke inji. Sha mana. In kai ba ka sha, don mi saniyar Baffa za ta sha? Ta fi ka laifi?"

Taubashina ya tashi ya bar tuwon. Daminar nan duka gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Daga baya ya riƙa wanke injinsa a ramin, amma fuska a murtuke, kuma na san bai manta da an kunyata shi gaban abokai ba. Ba zan ɓoye ba, Kawu yana da zafi, kuma bai iya lallashi ba. Mutane da yawa tsoron bakinsa ne ya kai su ramin. Ya samu sun bi, bai tsaya ya ga sun yarda ba. Wannan ne kaɗai abin da nake riƙe da shi a kansa, kuma da yana raye da na faɗa masa a gabansa, ya zage ni, mu shirya.

Amma mutumin da ke wannan faɗan shi ne ke shuka duma a bayan gida saboda matan gari. Kwalaben maganin nan suna da kyau, murfinsu na rufuwa ruf, sai mata suka mayar da su na zuba man gyaɗa da gishiri, har da kunun goyo. Kawu in ya gani sai ya ƙwace, ya huda gindin da ƙusa mai zafi. Mace na cikin zaginsa zai dawo da gora sabuwa, ya fafe ta, ya wanke, ya yi mata marfi da totuwa. Tsohuwa mai man gyaɗa ta fi kowa shan wannan. Tana ɓoye kwalaben a ƙarƙashin gado, yana aika Inna ta lalubo. Gorunan da ya ba ta sun cika mata rataye.

Shekaru aka ɗauka, ban ƙirga ba. Jema ta yi kauri ta zama katanga, lakar gonaki ta riƙa tsayawa a gindinta. Wata damina da magariba wayata ta yi ƙara a Safana. Kawu ne, mutumin da bai iya kira ba sai an danna masa. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba ya ce, "Ɗiyata, yi shiru ki saurara." Na kasa kunne, sai hayaniya. Ya ce, "Kin ji? Kwaɗi ne! 'Yan banza sun dawo!" Yana dariya yana tari. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Malamin gona ya ja masa kunne cewa kukan kwaɗo ba shaidar ruwan shan mutum ba ne, Kawu kuma ya riƙe wannan, ruwan sha sai rijiya. Amma tarwaɗa ta dawo, hannun mata ya daina ƙaiƙayi. Baffa ya fara kawo tsofaffin shanu, da ya ga lafiya ya kawo garken duka har da maruƙa. Ya daina zuwa bakin daji. Duk Juma'a ƙwaryar nono na isowa gidanmu daga ruga, ba a cewa ta mene ce.

To, ga abin da ya faru bayan sadakar bakwai, ina nan ban koma Safana ba.

Al'adarmu ce in magidanci ya rasu a bakin damina, samarin gari su yi wa gidansa gayya, su gyara gonar don kada iyali su rasa shuka. Al'ada ce mai kyau, ban taɓa jin wanda ya kushe ta ba. Da can da fartanya ake zuwa. Yanzu da inji ake zuwa. Ruwa ya sauka sau ɗaya ko biyu, ciyawa ta tsiro, sai samari suka haɗa magani a tsakaninsu, sadaka ga marigayi, suka fita da sassafe. Mu muna cikin gida muna dama musu kunu, har ina jin daɗi wai an tuna da Kawu.

Da hantsi suka shigo zaure karɓar addu'a, taubashina a gaba. Na fito da kunu sai na ga injuna a jingine da bango, suna ɗigar ruwa, an wanke su tas.

Na ce, "Sannunku da aiki. Ina kuka wanke waɗannan?"

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "A tafki mana, Yaya. Ramin ai mun cike shi mun baje, garma ta samu hanya."

"Jemar fa?"

"Duk mun feshe ta, har bakin ruwa. Wallahi ba mu bar ko tsinke ba. Inna za ta samu ƙarin kunyoyi masu yawa bana." Yana faɗa yana murmushi, yana jiran in sa masa albarka.

Na juya na dubi taubashina. Su sauran sai in ce ba su yi tunani ba. Sun ga ciyawa a gonar mamaci, sun ga tsohuwa za ta shiga damina ba miji, sun yi abin da suka iya. Shi kuwa ya sani. Na ce, "Kana tsaye aka yi wannan?"

Ya so ya mayar da abin wasa, ya ce, "Baiwata, kawo kunun tukuna."

Na ce, "Yau ba wasa tsakanina da kai. Kana tsaye?"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago ya ce, "Baba ya tahi. Gidan ga ni za ni ciyar da shi, ba kwaɗi ba. Mutane sun zo taimako, in kore su?"

Na dire ƙwaryar kunun har ya fallatsa. Abin da na faɗa masa a zauren nan ba zan rubuta ba, don akwai 'ya'yansa da za su iya karantawa wata rana. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Ƙasar kabarin ubansa ba ta bushe ba. Abin da tsohon nan ya yi shekaru yana ginawa da gwiwoyinsa masu ciwo, a safiya ɗaya aka shafe, kuma da sunan sadaka gare shi. Wannan ne ke ci mini rai har yanzu. Da maƙiyi ne ya yi, da na san inda zan kai kuka.

Inna tana takaba, ba ta fitowa gaban maza. Daga bayan zana ta yi gyaran murya ta ce, "Allah shi saka maku da alheri, Allah shi ba ku masu yi maku." Haka al'ada ta ce ta faɗa, ta kuma faɗa. Suka ce amin suka kwashi injunansu. Da na shiga ɗaki na same ta tana jirana. Ta kama hannuna ta ce, "Bar kuka, ɗauki lauje. Ki kira mata ku yanke jemar tun daga gindi, kafin maganin ya sauka cikin saiwa. Haka Kawunki ya yi shekarar da iska ta kaɗo feshin maƙwabci, wasu suka tsira. Ku ɗaure hannu da leda, kada ku taɓa da fata."

Mu kaɗan muka fita, ni da matan gida da maƙwabta biyu. Jemar tana nan kore shar kamar ba abin da ya same ta, maganin ba ya nuna kansa a ranar. Wurin ramin ya zama fili, an watsar da itatuwan, rumfar tana kwance. A bakin ruwa ga sawun ƙafafu, ga kumfa fari-fari yana lilo a gefe, ga kwalabe a cikin laka. Warin ya cika wurin. Muka duƙa muna yanka muna jan ganyen can tudu, rana tana dukanmu.

Muna cikin haka bayan azahar na ji kukan shanu. Na ɗaga kai sai ga garken Baffa yana gangarowa, sun wuni ba su sha ba, sun jiyo ruwa sun fara sauri. Sauran tafkuna ba su tara ruwa ba tukuna. Na yar da lauje na ruga ina ɗaga hannu ina ihu, "Baffa! Tare su! Kada su sha!"

Tsoho ne, amma ban san sanda ya sha gabansu ba. Ya tsaya tsakaninsu da ruwa yana dukan shanunsa a hanci, shanun da na san ko tsawa ba ya son a yi musu. Suna turowa, yana duka, maruƙa na kuka. Da ƙyar shi da 'ya'yansa suka mayar da su tudu. Sannan ya dawo yana haki, ya dubi kumfan, ya dubi kwalaben, ya dubi inda ramin yake a da. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a gajarce.

Ya ce, "Wa ya yi?"

Na ce, "Mutanenmu ne, Baffa."

"Da gangan?"

"A'a. Gayya suka yi wa Inna. Taimako suka zo yi."

Baffa ya waiwaya tudu. 'Ya'yansa suna tsaye can da shanu suna kallonmu, na san jira suke su ji abin da zai gaya musu. Ya ce, "Wancan karon akwai wanda ya kama hannuna ya ce in ba shi lokaci. Yanzu wa ke cewa?"

Na buɗe baki in ce ni, sai na tuna jibi zan koma Safana, gonar kuma ba tawa ba ce. Na dubi matan da ke bayana da laujensu, kowa ta sunkuyar da kai. Ban san ko jemar za ta sake tohowa ba, har yau da nake rubutun nan ban sani ba.

Baffa ya gyaɗa kai, ya saɓa sandarsa. Ya ce in gaida Inna, in ce mata Allah ya ba ta haƙuri. Ya kira shanunsa, suka juya ba da son ransu ba, suna waiwayen ruwa. Ba hanyar ruga ya bi ba. Yamma ya nufa, hanyar bakin daji, shi da 'ya'yansa da maruƙan da ke jan ƙafa, ga la'asar ta kusa.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa zafin bakinsa, ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya so ya sanyaya wa dabbobin da ba su iya yi masa godiya. Allah ka dawo da Baffa gida lafiya. Mu da muka rage a garin nan kuwa, na ɗaga hannu in yi mana addu'a, na rasa abin da zan roƙa.